Me ya sa har yau ake fifita Hank Aaron?

Malam, ka tambaya me ya sa masoya wasan besbol a Amurka ke fifita Hank Aaron, alhali Barry Bonds ya zarce shi a yawan hom-ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili.

Gaskiya ne, Bonds yana da 762, Aaron 755. Sai dai zargin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari ya ɓata wa Bonds suna. Aaron kuwa bai taɓa yin 50 a kakar wasa ɗaya ba. Abin da ya fi yi shi ne 47. Shekara bayan shekara ya tara nasa, tun daga 1954.

Sannan ka duba halin da ya buga wasa a ciki. Baƙar fata ne ɗan Alabama, ya fara a gasar baƙaƙe zalla. Da ya kusa kamo Babe Ruth, wanda a lokacin ya fi kowa yawan hom-ron da 714, wasiƙun barazanar kisa suka yi ta zuwa, har da mai gadi ake raka shi. Duk da haka ya buga na 715 a Atlanta ranar 8 ga Afrilu, 1974. A ganina wannan kaɗai ya isa.