Alhaji, Nawa Gida Ɗaya Ya Ci Kafin Ka Kira Taron Buɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, ina harkar hatsi da taki. Shekara uku ke nan da na fara gina gidaje 8 masu bene a hanyar Dutsin-Ma, irin na manya, cikin katanga ɗaya. An yi rufi da filasta, saura tayil, silin, ƙofofi, fenti da kayan banɗaki. Ƙanena ke kula da aikin, shi nake tura wa kuɗi, don kasuwa ba ta bari na. A ƙiyasina na zuba sama da naira miliyan 600. Ina so in yi gagarumin taron buɗewa bayan Babbar Sallah, in gayyato manya, in kafa alluna, in sa talla a rediyo da Facebook, na ware miliyan 20. Wani dillali ya ce kowane gida zai yi miliyan 150, kuma in fara karɓar kafin alƙalami in ƙarasa aikin da shi. Wace talla ce ta fi jawo masu kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a dukiya. Maganar talla za ta jira, don akwai abin da ya fi ta gaggawa a wasiƙarka. Kai da ba ka yarda a loda maka tirelar masara sai an ƙirga buhu ɗai-ɗai an rubuta, yau shekara uku kana tura miliyoyi ta waya, ba littafi, ba rasit, ba wanda ya taɓa zama ya gwada abin da ya fita daga asusunka da abin da ke tsaye a filin. Sai ƙiyasi. Kuskurenka ke nan, kuma sauran tambayoyinka duk a kansa suke rataye. Wanda bai san nawa gida ya ci ba, dillali ne ke yanke masa farashi, kuma ga shi naka har ya riga ya yanke maka.

Mu taɓa lissafi da alƙalummanka. Miliyan 600 a raba wa gida 8, kowane ya ci 75. Ƙarashen gini irin na manya, a abin da na saba gani, yakan lashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gidan, wani lokaci fiye. Ka sa 40 a kowane gida. Sai abin da masu gini ke mantawa har sai mai saye ya tambaya: titin cikin rukunin, lambatu, taransifoma, rijiyar burtsatse da tankinta, ɗakin maigadi, fitilun sola. In waɗannan sun tashi miliyan 80, kowane gida ya ɗauki 10. La'adar dillali kashi 5 cikin 100, wato 7 da rabi. Mun kai 132 da rabi, ba a sa kuɗin takardu da lauya ba. In ka sayar 150, ribarka ba ta kai 18 ba, bayan kuɗinka sun yi shekaru suna kwance. In kuwa ainihin abin da ka zuba 700 ne, riba ta koma miliyan 5 a gida, ka yi wa mai saye dako ke nan.

Kuma nairar da ka zuba jiya ba ita ce ta yau ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka saki naira, buhun siminti da ake saye wajen 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, kayan ƙarashe da ake shigowa da su daga waje kuma suka bi dala. Ka fi ni sanin sau nawa kuɗin nan za su juya a masara da gero tsakanin kaka da bazara.

Ban ce ƙanenka ya ci amanarka ba. Wataƙila ma ya sha cika wa leburori kuɗin yini daga aljihunsa. Matsalar ita ce daga kai har shi babu mai iya tabbatar da komai, kuma ranar da zargi ya shigo, shi ne zai rasa abin kare kansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, ba ta kuma ware ɗan'uwa ba. Kunyar tambayar ƙane rasit ta raba zumunci fiye da yadda tambayar ta taɓa rabawa.

Abin da ya sa nake matsa maka yanzu shi ne matakin da ka kai. Lokacin bulo da rodi, ido na iya ƙirgawa. A ƙarashe kuwa, kwalin tayil biyu za su zo kala ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya a kuɗi. Wayar wuta a cikin bango take, bututun ruwa an binne shi. Nan ne kuɗi ke zurarewa ko da mai kula ba ɓarawo ba ne, don mai shago da mai aiki sun san wanda bai san kaya ba.

Wani ɗan kasuwa da na zauna da shi ya gina gidaje 6, ɗan yayarsa ke riƙe da aikin. Aka gama, aka yi fenti mai kyau, mai saye na farko ya zo daga Abuja da injiniyansa. Injiniyan bai kalli fentin ba. Makullin mota ya ciro yana ƙwanƙwasa tayil ɗin falo, yana jin inda ke ƙarar fanko, yana sa alama da alli. Ya kwance murfin soket ya duba kaurin wayar, ya ce wannan ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba. Ya hau bene ya murɗa famfo, ruwa na ɗiga. Suka yi sallama cikin mutunci suka tafi, kafin mako ya zagayo duk dillalan garin sun ji. Ɗan kasuwan ya biya kuɗin kaya masu daraja ta ɗaya, aka sa masa na ƙasa, kuma ba takarda ko ɗaya da zai kama wani da ita. Mafi muni, ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga mutum biyu a tsohon farashi. Kaya suka tashi, kuɗin suka ƙare, maganar ta kai gaban alƙali. Har yau shi da yayarsa gaisuwar Sallah ma sai ta bakin wani.

Don haka ka tsayar da tura kuɗi na mako biyu ko uku. Ka ɗauko kwantiti sabeya, mai ƙididdige kayan gini, wanda kai ka nemo shi, ba abokin ƙanenka ba. Ya auna abin da aka yi ya sa masa kuɗi, ya rubuta abin da ya rage gida-gida. Ka karɓo bayanin asusunka daga banki na duk shekarun nan, akanta ya jera abin da ka tura. In an sami giɓi, a zauna da baffanku ko wani babba a gida a warware shi cikin rufin asiri. Daga nan a buɗe wa aikin asusunsa daban, masu kaya a biya su kai tsaye bisa rasit mai ɗauke da sunan kaya da lambarsa. Ƙanenka ya ci gaba da kula, amma a yanka masa albashi ko kaso a rubuce. Wanda ke aikin shekara uku ba a faɗa masa ladansa ba, an bar shi ne ya yanka wa kansa.

A zaman nan ka ce ya kawo takardun filin ka gani da idonka. Da sunan wa suke? Na ga inda ɗan'uwa ya bi takardu ya sa sunansa don kawai shi ke kusa da ofis. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, mayar da mallakar fili mai satifiket zuwa wani sai da amincewar gwamna, kuma mai biyan miliyan 150 takardar gidansa shi kaɗai yake so, ba kwafin ta rukuni ba. Lauyanka ya je KATGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jihar Katsina, ya fara batun raba takardar gida-gida, ya tabbatar akwai izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha. Maganar taransifoma ma a fara ta da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, tun yanzu.

To, talla. Taron miliyan 20 zai cika da masu cin shinkafa da maroƙa, a yi hoto a watse. Masu sayen irin gidan nan a Katsina ba su da yawa, kuma ka san yawancinsu: 'yan kasuwa irinka, da Katsinawan da ke zaune Abuja, Legas da Kano masu son wurin sauka in sun zo gida. Da halin tsaron da ake ciki, babu mai son a nuna shi da yatsa a bainar jama'a a ce ga wanda ya sayi gidan miliyan 150. Shiru suke so, su zo da yamma su duba.

Ka ƙarasa gida ɗaya tsaf, na bakin get, da ruwa da wuta da labule, ka gyara titin da zai kai shi. Shi ne allonka. Ka tuna kuma Alhaji ne ke biya amma Hajiya ce ke cewa a saya. Za ta duba kicin da sito, ta ga ko baƙon maigida zai shiga falonsa ba tare da ya ratsa ta cikin iyali ba, ta leƙa tagar bene ta ga ko maƙwabci na hango tsakar gidanta. Wannan na ƙarshen yakan kashe ciniki, kuma yanzu ne gyaransa ke da sauƙi. Bidiyo mai kyau na minti biyu da za a tura ta WhatsApp, da dillalai biyu ko uku masu mutunci, farashi ɗaya, la'ada a rubuce, sun wadatar.

Babbar Sallah a 'yan shekarun nan a bakin damina take faɗowa. Ka yi amfani da ita wajen zagayawa da baƙin da suka zo gida ɗaya bayan ɗaya, amma ka bar ruwan Agusta ya gwada maka rufi da lambatu kafin ka sa hannu a cinikin sauran gidajen. Kafin alƙalami kuwa kada ka taɓa shi sai ƙididdigar sabeya ta fito. In ta fito, lauya ya rubuta yarjejeniya da ranar miƙa makulli da irin kayan da za a sa, biya ya bi matakin aiki, kuma ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, kada wani ya zo maka da buhu ka ce ciniki ya faɗa.

Miliyan 20 ɗin taron, ka cire kuɗin sabeya, akanta da lauya daga ciki, ka bar kamar miliyan 2 na bidiyo da allo ɗaya a bakin titi, sauran ka zuba a rijiyar burtsatse da gidan nan na bakin get da za ka riƙa nuna wa masu saye.