Tambaya da Amsa: Kakannin Uwarsu Masaƙa Ne a Sikotlan, Ta Ina Za Mu Fara Nema?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a nan Kakuri. Ƙanina ya je karatu Gilasgo shekarun baya ya auro baturiya 'yar can, suka dawo Kaduna ta haifa masa uku, yanzu daga shi har ita babu mai rai, yaran a hannuna suka tashi. To babbar ce ta tasa ni gaba wai sai ta san dangin uwarta. Abin da ke hannunmu fasfon marigayiyar ne da takardar aurensu da aka yi a can, sai maganar da ta sha faɗa min cewa kakanninta masaƙa ne a wani gari Paisley, shi ya sa ma jininmu ya haɗu da ita. Ana iya gano su daga nan ko sai an yi tattaki? Daga wani dattijo, Kakuri.

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ba da ladan riƙon marayu. Ana iyawa, kuma babu zancen biza, waya da data da katin banki mai biyan kuɗin waje sun isa. Kun ma yi sa'ar ƙasa, don mutanen Sikotlan wajen rubuta sunan iyaye a takarda sun fi maƙwabtansu na Ingila nesa ba kusa ba.

Wannan takardar auren da kuke ganin kamar ba komai ba ita ce jarinku. Takardar auren Sikotlan tana ɗauke da sunan uban ango da uwarsa, da uban amarya da uwarta, har da sunan gidan su uwar kafin ta yi aure, da sana'ar iyaye maza. Kenan kun riga kun samu kakanni biyu na yaran ta wajen uwa ba ku biya ko kwabo ba. Daga nan sai 'yar taku ta buɗe shafin ScotlandsPeople, na hukumar adana bayanan ƙasar ne da ke Edinbura, rajista kyauta, duba jerin sunaye kyauta, amma buɗe hoton takardar kanta sai an sayi kiredit. Haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50, waɗannan ake gani kai tsaye, na baya-bayan nan kuwa sai dai ka yi odar kwafi a aiko maka.

Abu ɗaya zan roƙe ku, kada ta yi tsalle. Kuskuren da kowa ke yi kenan, a ji Paisley a ji masaƙi sai a rubuta sunan gida a ga wani mai sunan a 1820 a rungume shi a ce kaka ne, alhali a unguwa ɗaya ana iya samun masaƙa da yawa masu suna iri ɗaya sak. Dalili kuwa suna da al'adar mayar da suna, ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, kamar dai yadda gidajenmu suka cika da su Abba da Ummi da Mai Sunan Malam, sai dai su ba sa sakayawa, sunan ake kira gatsau. To in 'yan'uwa maza huɗu duk sun haihu, ka ga jikoki huɗu masu suna guda. Sai a bi a hankali, takarda ta kai ka ga takarda, uba da uwa su dace, sana'a ta dace, unguwa ta dace, kafin a ƙara taku.

Gwamnati ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Janairun 1855. Ni a ganina takardar mutuwa ta fi kowacce daraja, saboda ana rubuta sunan iyayen mamacin duka biyu, to tsohuwar da ta rasu a 1860 tana da shekara 80 za ta ba ku sunan mutanen da suka yi aure tun wajen 1780 ko kafin nan. Amma a riƙa tunawa wanda ya kai rahoton mutuwar ne ya faɗi sunayen, wani lokacin suruki ne ko maƙwabci, yana iya cakuɗa su. Takardar haihuwa kuma yawanci tana faɗin rana da wurin da iyayen suka yi aure, sai dai daga 1856 zuwa 1860 an cire wannan layin.

Sai ƙidaya, duk shekara goma daga 1841, kuma an saki har ta 1921. A nan za ku ga gidan gaba ɗaya da sana'ar kowa. In ta ga haruffa HLW gaban suna, masaƙin hannu ne, PLW kuma mai saƙar inji. Ta 1841 kada a yarda da shekarunta, an rage na manya zuwa biyar-biyar, mai 34 a rubuta 30, kuma ba ta faɗin wane ne ɗa wane ne ɗan haya. Ta 1851 ce ta fara faɗin dangantaka da garin da aka haifi mutum, kuma kada ku yi mamaki in kuka ga an rubuta Ailan ko wani ƙauye a tsaunukan arewa, Paisley ta tara baƙi sosai lokacin da saƙa ke kawo kuɗi.

Kafin 1855 kuwa sai littattafan coci, a nan aikin ke tsauri. Mafi tsufa na 1553 ne amma wannan ba ya nufin kowane gari na da irinsa, wasu sun ɓata, wasu ba a ma rubuta ba, daga 1783 zuwa 1794 an ɗora harajin kwabo uku kan kowane rubutu talaka ya ƙi zuwa. Ga shi masaƙa mutane ne masu karatu da gardama, da yawansu sun bar babbar cocin ƙasar sun koma ƙananan da suka ɓalle, sannan aka yi babbar ɓaraka a 1843. Don haka in ba a ga suna a littafin babbar coci ba, a duba na sauran coci-coci da na Katolika, duk suna shafin. Paisley kanta ba yanki ɗaya ba ce a tsarin coci, akwai Abbey da High da Middle da Low, a duba duka.

Baba, tunda kai ɗan hannu ne bari in ɗan tsaya kan mutanen kansu. Mayafin ulu da siliki mai zanen nan kamar ɗigon hawaye mai lanƙwasa suke saƙawa, kwaikwayon na Kashmir, har zanen ya ɗauki sunan garin a duniya. A ƙarshen ƙarni na 18 masaƙin hannu ɗan gata ne cikin ma'aikata, a gidansa yake aiki, matarsa da yara na naɗa masa zare. Akwai wani siririn zaren auduga da ke riƙe saƙar amma ba a ganinsa a jikin mayafi, masu ba da kwangila suka ce ba za su biya kuɗin abin da ido bai gani ba, masaƙi ne zai saya da aljihunsa, aka daɗe ana ja-in-ja sai a 1856 masaƙa suka yi nasara, har yau garin na bikin abin a watan Yuli. A Calton ta Gilasgo kuwa yajin aikin 1787 da harsashi ya ƙare, soja suka buɗe wuta mutum shida suka mutu. A 1820 an rataye uku bayan wani bore, James Wilson da John Baird da Andrew Hardie, duk masaƙa. Daga nan inji da yawan hannu suka karya lada, a 1841 zuwa 1843 Paisley ta shiga matsin da kamfanoni suka yi ta durƙushewa dubban mutane suka koma cin tallafi, zuwa shekarun 1870 kuma mata suka daina yayin mayafin. Sauran labarin ba sai na faɗa wa mutumin Kakuri ba.

Na kawo wannan ne don ku san inda za ku nema. Masaƙi da wuya ya bar wasiyya ko fili, amma ya bar sawu a takardun neman tallafin talakawa, musamman bayan dokar 1845. Jami'i kan zo gida ya rubuta shekarun mutum, inda aka haife shi, iyayensa, surukansa, yaransa da abin da kowa ke samu a mako, har gidajen hayar da ya zauna. Na Gilasgo suna ɗakin karatu na Mitchell daga 1851, Paisley ma ta adana nata, ana rubuta musu imel a nemi a duba. Wasu na jin kunyar ganin sunan kaka a irin wannan littafi, ni kuwa da za a ba ni zaɓi shi zan ɗauka, babu takardar da ta kai shi ba da labari.

In mutum ya ɓace tsakanin ƙidaya biyu kuma babu takardar mutuwarsa, a leƙa ƙetare. A 1820 da 1821 ƙungiyoyin masaƙa na yankin Gilasgo sun kwashi iyalai zuwa gundumar Lanark a Kanada, mahaifin attajirin nan Andrew Carnegie ma masaƙin hannu ne a Dunfermline da ya tattara ya tafi Amurka a 1848. Waɗanda suka zauna a Paisley kuma 'ya'yansu mata yawanci kamfanonin zaren ɗinki na Coats da Clark suka shiga, to in ta ga sana'ar gidan ta juye daga saƙa zuwa zare a ƙidayar 1871 ko 1881 kada ta ɗauka ta kama gidan wasu, ta duba sunan uwar da adireshin tukuna.