Amsa: Zuwa Mambila a kan babur, kwana nawa zan ware?

Ɗan'uwa, ka ce daga Jalingo za ka tashi, kana tambaya ko kwana biyu sun isa zuwa Gembu, a kan tsaunin Mambila, da dawowa. Za su isa in tsere za ka yi, amma mai son kallo ya ware huɗu.

Ranar farko ka bi ta Garba Chede da Bali, ka kwana a Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Ka cika tanki a can, kada ka dogara da 'yan bumburutu. Washegari da sassafe ka nufi Mayo Selbe, daga nan hawan dutse yake farawa. Kwana ce kan kwana, gefe guda dutse, gefe guda rami, ga manyan motoci suna saukowa. Ka zauna a giya ta biyu, ka riƙa danna ham kafin kowace kwana. Saukowa ta fi hawa haɗari. Ni da na dogara da birki kaɗai, ya yi zafi har yana wari, sai da na tsaya ya huce. Ka bar giya ta riƙe babur.

Kana kaiwa Maisamari iska za ta sauya. Ka tafi da rigar sanyi da safar hannu, ba wasa nake ba, yatsu ƙagewa suke yi. Kada ka wuce gonar shayi ta Kakara ba ka tsaya ka gani ba.

Disamba zuwa Fabrairu ya fi, daminar can doguwa ce. Ka riƙe tib, fulogi da famfo. Kada ka yi tafiyar dare, kuma kowace safiya ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya.