Warin da ke zuwa bayan isha'i, daga ina yake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bukoki, nan Yamai. Tun da ɗari ya shigo, kusan kullum bayan isha'i sai wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mana layi, har cikin ɗaka. Da hantsi ya yi sai a neme shi a rasa. Mun duba gologo da salga, mun kwashe shara, ba mu ga mushe ba. Wasu na cewa aljanu ne, wasu sun fara zargin wani gida da aka tare kwanan nan. Ƙaramin ɗana yana tashi da ciwon kai da tari. Mene ne wannan, kuma yana da illa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya.

Rabin amsar yana cikin tambayarki: ɗari, dare, hantsi. Da rana ƙasa tana ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi ta hawa sama tana tafiya da duk wani wari. A daren ɗari kuwa sama garau take, ba gajimare, sai ƙasa ta huce da wuri. Iskar da ke daf da ita ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta kwanta, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar an kifa faifai a bakin tukunya. Ki lura da hayaƙin bolar da ake ƙonawa da magariba a wannan lokaci: ba ya miƙewa, shimfiɗewa yake yi a kan rufin gidaje. Haka wari yake yi. Wannan iska mai sanyi kuma gangare take bi, ta taru a kwari. Saboda haka abin da ke warin yana nan dare da rana, ku ne dai ba ku jin sa sai rana ta faɗi, kuma yana iya kasancewa layi biyar ko shida nesa da ƙofarki. Baƙin da suka tare, a sassauta musu tukuna. Batun aljanu kuma, a yi addu'a, ba ni da ja. Amma warin da yake bin agogo, yake bin iska, yana da wurin kwana da ƙafa za ta iya takawa.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai na wata iska ce da masana ke rubutawa H2S. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke fitar da ita idan suna cin ƙazanta a inda iska ba ta shiga, wato ƙarƙashin ruwan da ya kwanta. Yanzu ki duba halin da magudanan ruwa suke ciki a watan Disamba ko Janairu. Rabon su da ruwan sama tun ƙarshen damina, leda da rairayi sun toshe su, ruwan wanka da na wanke-wanke kullum yana shiga, ba ya fita. Daga sama sai ki ga ɓawon datti ya bushe, ki ɗauka babu komai. A sa sanda a tsokane shi: idan baƙar laka ta fito tana kumfa, warin ya doki hanci, to an zo gidan. Ku kuma na Bukoki kuna maƙwabtaka da kwarin Gunti Yena, wanda ke kwasar ruwan dattin unguwanni da dama zuwa kogin Isa, don haka can zan fara kai ido. Idan kuwa warin ba kullum ba ne, sai jefi-jefi da tsakar dare kuma da ƙarfi, ki tambaya ko wani yana yashe salga yana juyewa a kwata ko a ramin da aka haƙa bakin hanya. Masu wannan aiki dare suke jira.

Sauran wari kowanne da kamanninsa. Mai yaji da ke sa ido ruwa na fitsari ne, ko kashin kaji, ko turken dabbobi. Mushe ƙudaje ne ke tona shi, kuma ba ya kai wata biyu. Na majema da mahauta da ƙonannen roba iska ce ke kawo su daga nesa: a lokacin ɗari daga arewa maso gabas take kaɗowa, da damina ta juya ta fito daga kudu maso yamma.

Kada a manta da cikin gida. Bayan gida na zamani yana da lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan ne ƙofar da ke tare warin rami. A makewayin da ba a shiga sosai, bushewar hunturu tana shanye shi, sai warin ya hau kai tsaye. Bokiti ɗaya na ruwa ya isa magani. A duba murfin rami ko ya tsage, da bututun da ke fitar da iskarsa ko ya gaza tsawon rufi. Sai butalin gaz. Shi gaz ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani abu mai ɗoyi don a gane in yana zuba, kuma mutane kan rikita shi da warin kwata. Ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. In daga madafa ne warin ya fi ƙarfi, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan butalin, a buɗe ƙofofi, a fita, in ya ƙi tsayawa a kira 'yan kashe gobara a lamba 18.

Kin tambayi illa. Hancin ɗan Adam yana jin H2S tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na iska ba. A wannan mataki, wanda shi ne na kan layi, abin da take jawowa ciwon kai ne, tashin zuciya, rashin barci, da tayar wa mai asma ciwonsa. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ba nan mutuwa take ba. A cikin rami take. Idan iskar ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, hanci yakan mutu, mutum ya daina jin warin, ya zaci ya wuce. Ta haura 700 kuwa, shaƙa kaɗan ke kayar da ƙato. Shi ya sa nake roƙo da babbar murya: wajen neman tushen warin nan, kada a ba wani yaro 'yan kuɗi a ce ya sauka cikin gologo, ko ramin salga, ko tsohuwar rijiya. Wanda ya bi shi don ceto, shi ma can yake zama. Dabarar zura fitila a ga ko za ta mutu ba ta aiki a nan, domin wuta tana ci lafiya lau a iskar da za ta kashe mutum, ga shi kuma ramin yana tara wata iskar marar wari mai kama wuta.

Shi yaro a kai shi likita, kada a jingina komai ga warin. Ƙurar hunturu kaɗai tana sa tari. Akwai kuma tambayar da nake so ki amsa wa kanki: ana shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda ɗari, ko don gudun wannan warin? Gawayi yana fitar da gubar da ba ta da wari ko kaɗan, kuma tashi da ciwon kai da safe yana cikin alamunta na farko. In ana yi, a daina daga daren yau.

Abin yi shi ne ku haɗa kai, gida huɗu ko biyar daga kusurwoyin unguwa daban-daban. Kowa ya ɗaura ƙyalle a kan sanda a saman katanga, ya riƙa rubuta ƙarfe nawa warin ya fara da inda ƙyallen ya nufa, har mako biyu. Sannan maza su fito bayan sallar asuba, lokacin da iska ta fi kwanciya, su fuskanci inda take fitowa su bi har inda warin ya yanke. Tushen yana daf da wurin, ta bayansu. Da wannan takarda za ku je wa mai unguwa, ya raka ku wajen ma'aikatan kula da tsafta na ma'aikatar magajin garin da'irarku. Kukan da ya zo da wuri da lokaci ya fi saurin samun mai sauraro. Kafin nan, kada a zuba fetur, ko kalanzir, ko ruwan batir a rami ko kwata, na ƙarshen ma ƙara sakin iskar yake yi. Ga salgar gargajiya, toka bayan an gama da murfi mai kama bakin ramin sun wadatar.