Bututun da aka kawo mini bai kai kauri ba, zan iya mayarwa?

Tambaya: Na sayi bututun ƙarfe mai inci 2 guda 40 don aikin gidana, an rubuta kauri milimita 3.9 a rasit. Mai walda ya ce bai kai ba, dila kuma ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa.

Amsa: Malam, kafin komai a dakatar da aiki, kada a yanka ko guda. A Dokar Sayar da Kaya ta 1893 da Najeriya ta gada daga Ingila, wadda dokokin jihohi suka bi sawunta, sashe na 13 ya wajabta kaya su dace da yadda aka siffanta su. Amma sashe na 35 ya ce idan ka yi amfani da su, ko ka riƙe su da daɗewa ba ka yi magana ba, ka karɓa ke nan. Daga nan diyyar bambancin kuɗi kawai ta rage maka.

Maganar mai walda ba ta isa hujja ba, sikeli ne shaidarka. Awon kauri a bakin bututu yakan yaudari mutum saboda fenti da kaifin yanka. Ga lissafin: cire kauri daga faɗin waje, ka ninka da kaurin, ka sake ninkawa da 0.02466, duk da milimita. Abin da ya fito shi ne kilo a kowace mita. Faɗin wajen inci 2 milimita 60.3 ne, don haka mai kauri 3.9 zai ba da wajen kilo 5.4, wato kilo 32.5 a tsawon mita 6. Idan kaurin 3 ne, kilo 25.4 za ka gani. Ka auna tsawon ma, domin wani bai cika mita 6 ba.

Dila zai kawo zancen rangwamen masana'anta, wato ɗan ragin kauri ko nauyi da ake yafe wa masu ƙera bututu. Ma'aunin ASTM A53, ƙa'idar Amurka ta bututun ƙarfe, ya yarda nauyi ya ragu da kashi 10 cikin 100, amma giɓin kilo 7 ya haura kashi 20.

A auna aƙalla biyar a gabansa ko wakilinsa, a ɗauki bidiyo, sannan ka rubuta masa takarda kana neman canji ko kuɗinka, da wa'adin kwana 7. In ya ƙi, ka kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya, tunda don kanka ka saya, ba don sayarwa ba. Dokarta ta 2018 ta ba ka wata 3 na mayar da kaya masu aibi. In ku duka Musulmi ne, kotun shari'a ma za ta saurare ka a babin mayar da kaya saboda aibi. Idan ya musanta awon, nemi hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta gwada, rahotonta ya fi naka nauyi a gaban alƙali.