Doki ya ƙi ci bayan allurar rigakafi

Tambaya: Jiya aka yi wa ingarmana allurar rigakafi a wuya. Yau wurin ya kumbura, ya ƙi cin dusa. Me zan yi?

Amsa: Hakan yakan faru, kuma yawanci yakan wuce cikin kwana biyu. Sau da yawa ciwon wuyan ne ke hana shi sunkuyawa, don haka ɗaga masa ruwa da harawa daidai ƙirjinsa. Riƙa danna wurin da tsumma mai ruwan sanyi na minti 15, kada ka ɗaura masa sirdi.

Auna zafinsa ta dubura, digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius daidai ne. In ya haura 39, ko kumburin yana ƙaruwa, kana taɓawa kana jin iska a ƙarƙashin fata, kira likitan dabbobi nan take. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga tsoka, wadda ke iya kisa da sauri.