Amsar Alhaji kan Snell da Cash

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, barka da dare, ya iyali, ya sanyin Niyok? Na ji saƙonka tun azahar, ina kan titi ne, sai yanzu na ajiye mota na samu na zauna. To. Ka ce wai Blake Snell, tsohon ficanmu, wato mai jifa, a ƙungiyar ƙwallon baseball ta Tampa Bay Rays, fushi ya yi da manajanmu Kevin Cash tun daren da ya cire shi a World Series na 2020, wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, shi ya sa ya bar mu, kuma wai in fito gaban jama'a in amsa cewa manajanmu ne ya yanka mu da hannunsa. Alhaji ni na san ka. Ba tambaya kake ba, so kake ka ji na ce Tampa ƙungiyar 'yan tireda ce, ku Yankees ku ne manya. Zan ba ka amsa, amma ba yadda kake so ba.

Da farko dai Snell bai bar mu ba. Sayar da shi aka yi. Mutum yana da sauran shekara 3 a kwantiragi, ina zai je da fushinsa? A watan Disamba na 2020 aka miƙa shi San Diego, aka karɓo yara 4, Luis Patiño da Francisco Mejía da wasu biyu da ko babban fili ba su taɓa takawa ba lokacin. Sauran kuɗinsa dala miliyan 39 ne, wannan shi ne duk laifinsa. In kana son ka gane ba maganar fushi ba ce, dubi Charlie Morton. Wane faɗa Morton ya yi da Cash? Dattijo ne, shi ya ci mana wasa na 7 da Houston har muka kai World Series ɗin. Miliyan 15 kawai za a ba shi ya ƙara shekara, suka ce a'a. Ya tafi Atlanta a kan miliyan 15 ɗin dai, shekara na zagayowa ya ɗau kofi da su. Wannan ma ya fi ci mini rai, wallahi, amma bar shi.

Halin gidan ke nan, kamar mai kiwon rago ne, yana ganin layya ta matso sai ya kai kasuwa tun farashi bai faɗi ba, ya sayo ƙanana ya ɗaure. James Shields haka, David Price haka a 2014, Tyler Glasnow haka. Kuma kafin ka yi dariya, ka tuna Chris Archer. 2018, ranar ƙarshe ta kasuwa, aka ba Pittsburgh Archer. Ni kaina na yi ta zage-zage a cikin mota ranar, don ɗana rigar Archer gare shi, sabuwa, ko wanki biyu ba ta sha ba. Me muka karɓo? Glasnow da Austin Meadows da Shane Baz. Ka je ka tambayi mutanen Pittsburgh wa ya cuci wani. Har yau in ka ambaci cinikin nan a gabansu sai sun canja fuska. Saboda haka in na ce maka mutanen nan sun san kasuwa, ba son kai ba ne. Amma na Snell, a'a, gaskiya ɗaya ce, an ci mu. Patiño da aka yi ta kururutawa, ƙarshensa a 2023 kuɗi kawai aka karɓa aka ba Chicago shi. A shekarar ce kuma Snell ya sake ɗaukar Cy Young, kyautar gwarzon mai jifa, na biyu, bayan wanda ya ɗauka a wurinmu a 2018. Ka ga na amsa maka wannan, ka rubuta ka ajiye.

Yanzu daren. Ranar 27 ga Oktoba 2020, wasa na 6 na World Series da Dodgers, a Arlington, lokacin korona. Ina zaune a falo, uwargida ta kawo mini shayi ta ce in rage murya yara sun yi barci, gobe kuma da asuba zan fita. Namu Arozarena ya buga hom-ron, wato ya ɗaga ƙwallo ta fice daga fili, tun inin na farko, wato zagayen farko cikin 9 na wasan, muna 1 da nema. Snell kuwa, Alhaji ka kalli wasan nan ai, kada ka ce ba ka gani ba. Mookie Betts da Corey Seager da Justin Turner, manyansu uku, kowanne ya zo sau biyu, kowanne ya koma ya zauna sau biyu ba tare da ya sa ƙwallo a fili ba. Mutum 9 ya zaunar, bai ba kowa tafiya kyauta zuwa tasha ta farko ba, jifa 73 kacal. Sai a inin na 6 Austin Barnes, na tara a layi fa, na ƙarshe, ya ɗan samu ƙwallo ta wuce tsakiya. Kafin in ajiye kofi na ga Cash ya fito yana ɗaga hannu. Na miƙe tsaye. Na ce kai! Kai! Ina za ka? Ƙaramar ta farka tana kuka, uwargida ta fito ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa tukuna.

Amma tsaya, nan ne zan saɓa da kai da duk masu cewa Cash mahaukaci ne. Ni ma na faɗa a daren, na faɗa har sati. Daga baya da zuciya ta sauka sai na tuna wasa na 2. Snell ɗin nan dai, ya kai inin na 5 ba wanda ya taɓa shi, kamar aljani, saura mutum ɗaya ya fita, sai ya ba Kiké Hernández tafiya, Chris Taylor ya zo ya ɗaga ta waje. Cikin minti kaɗan. Haka yake a lokacin, yana tafiya sumul sai taya ta fashe ba sanarwa. Kuma lissafinsu ba ƙarya ba ne, mai bugu in ya ga fica sau biyu, a na uku idonsa ya saba, ya san inda ƙwallo ke karyewa. Betts ne zai shigo karo na uku, tazara kuma 1 ce tak. Duk shekarar haka Cash ya yi ta yi, da haka muka ci wasa 40 cikin 60. Ba ka cewa mutum ya jefar da sandar da ta kawo shi bakin kogi.

To ina laifin? Nick Anderson. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa muku shekara da shekaru kuna ihu a kaina ba ku ji. Cire Snell abu ɗaya ne, wanda aka kira abu ne daban. Anderson a cikin kaka ya yi kyau, ba musu, amma a Oktoba hannunsa ya mutu murus. Wasa 6 a jere ana cin sa kafin daren nan. Shida! Ni da nake tuƙin mota na sani, kwamfutar ba ta sani ba? Ya shigo, Betts ya buga masa wadda ta kai shi tasha ta biyu, Barnes ya kai ta uku. Sai ya yi jifan da ya kuɓuce wa mai kamu, Barnes ya shigo gida. Seager ya gangaro da ita wajen na farko, Betts da gudun nan nasa ya zame ya shigo. Shi ke nan, 2 da 1, shayina ko hucewa bai gama ba. Betts ya ƙara hom-ron a na 8 a kan Fairbanks, aka tashi 3 da 1. In ma lissafi ne, lissafi ai ya kamata ya ce maka wannan yaron ya gaji. Ga Diego Castillo zaune a bulfen, wurin masu jifa 'yan jiran canji. Ko da yake... to, shi ma ba mala'ika ba ne. Amma dai ba Anderson ba. Kowa ma ban da Anderson.

Af, na ce jifa 73 ko? E, 73 ne, daidai ne. Abin da zan gyara shi ne, ɗazu na ce Cash ya kashe mu da Anderson, amma ku tuna ci 1 muka yi duk daren. Ɗaya. Ba a ɗaukar kofi a hannun Dodgers da ci 1, ko wa ke jifa. Masu bugunmu ban da Arozarena duk barci suka yi. Wannan ba wanda ke son faɗa, don zagin manaja ya fi daɗi.

Kuma Alhaji, kai da bakinka? Kai ne fa kake ba mu labarin 2003 duk lokacin da aka haɗu a wajen suna, har na haddace. Grady Little, manajan Boston, ya bar ficansa Pedro Martínez a inin na 8, Boston na gaba da 5 da 2, ya fito har tudun jifa ya dube shi ya koma ya bar shi, kuka rama, Aaron Boone ya gama da su a na 11. Me kake cewa a kai? Kana cewa Little wawa ne, ya ga mutum ya gaji bai cire shi ba. An kuma sallame shi bayan wasan. To Cash ya cire, wawa ne, Little bai cire ba, wawa ne. Gaba kura baya sayaki. Terry Collins, manajan Mets, ma a 2015, Matt Harvey ya matsa masa sai ya koma inin na 9, ya biye masa, Kansas City suka rama suka ɗauke kofi a gidan Mets. A Niyok aka yi wannan, kana gari.

Wanda ni ba zan taɓa yafe wa ba, kuma ba ma ƙungiyata ba ce, Buck Showalter ne, manajan Baltimore a 2016. Baltimore da Toronto, wasa ɗaya tak, wanda ya faɗi ya tafi gida. Yana da Zack Britton, mutumin da sau 47 aka ba shi ya rufe wasa a shekarar, sau 47 ya rufe. Aka kai inin na 11, ya kira Ubaldo Jiménez, Encarnación ya aika ƙwallo sama jannati, Britton na bulfen ko jifa ɗaya bai yi a wasan ba. Yana ajiye shi sai yaushe? Sai sallah? Wannan shi ne ɗinka babbar riga ka ninke a akwati har ranar bikin ta wuce. In kuna neman wanda za ku zaga ga shi nan, ku ƙyale mini Cash, mutumin da aka ba gwarzon manaja a 2020 aka sake ba shi a 2021, da albashin 'yan wasan da bai kai abin da kuke kashewa kan mutum uku ba... to, uku ko huɗu, kada ka kama ni a nan.

Wani yaro a nan ya rubuta cewa ai Snell ya yi wasa cikakke ba a taɓa shi ba a 2024 yana Giants, wai hujja ke nan da an bar shi. Ƙanena, a Cincinnati ne, watan Agusta, kuma shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi inin 9. Na farko fa. Shekara 4 bayan abin da muke magana. Hujjarka ta Cash ce ba taka ba, ka sake tunani.

Abin da ya fi ƙona ni, yanzu Snell yana Dodgers, miliyan 182, Glasnow ma yana can. Mutanen da suka doke mu. Mu muka yi kiwo, su suka yi layya. Sannan guguwar Milton ta zo ta yaye mana rufin filinmu na Tropicana, muka koma aro a filin atisayenku na Steinbrenner a 2025, kuma na san shi ne abin da za ka faɗa na gaba, to na riga ka, ka nemi wani. Rigar Archer ɗin ma tana nan, ƙaramin ne ke barci da ita yanzu.

Bari in tsaya, batir ya yi ja, kuma ƙarfe 4 zan tashi. A gaida Hajiya. In ka shigo Filorida ka kira ni, ni zan sayi tikiti, amma hular nan taka a mota za ka bar ta.